Layin Gaus Biyar

Da na zo gida hutu, firijinmu ne ya fara yi mini maraba. Yana tsaye a baranda, an lulluɓe shi da tsohon zani, an jawo masa wuta ta taga. Kusa da shi ga rediyon Baba, ga fankar falo, ga lasifikoki biyun da na taso na tarar a kan kabad, duk an jera su kamar masu jiran mota. Na ɗauka tashi za a yi ba a gaya mini ba.

"Umma, gwanjo kuka buɗe?"

"Ke dai shigo, Auta. Amma ki ajiye wayarki a kwandon nan tukuna. Ba a shiga da ita inda Babanku yake."

Sana'ar Baba maganaɗisu ce. Yana da shago a bayan layinmu, shi da Kawu, ƙanen Umma. Suna gyaran lasifika, suna naɗin koyil, wato zaren tagullar da ake naɗawa a cikin lasifika, suna kuma haɗa maganaɗisun da masu injin niƙa ke sawa a bakin mazurari don ya tsince ƙusa da ɓurɓushin ƙarfe daga cikin hatsi. A unguwa ba wanda ya damu da sunansa na yanka, Mai Maganaɗisu ake ce masa. Watannin baya zuciyarsa ta fara tsallake bugu, har wata rana ya yanke jiki ya faɗi a shago. Likitoci suka dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, ƙasa kaɗan da kafaɗar hagu, wadda ke daidaita masa bugun. Umma ta raɗa mata suna batir, mu ma duk muka bi. Na zo lokacin tiyatar, amma ban jira sallama ba na koma bakin aikina. Tun daga nan duk kiran da na yi amsa ɗaya ce: lafiya lau, sai godiya.

Na same shi a tsakiyar falo, a kan kujera, nesa da kowane bango. Ya yi ƙiba, fatarsa ta yi kyau, ya amsa gaisuwata da fara'a. Amma da ya ɗora hannu a kaina sai na ga farcensa fari tas. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin farcen Baba ba baƙin mai a ciki. Gabana ya faɗi, don na san mutumin nan. Ko zazzaɓi yake yi sai ya leƙa shago ya yi wa Kawu faɗa kafin ya sha magani.

"Baba, yaushe za ka koma aiki?"

"Tambayi shugabar tsaro," in ji shi, ya nuna Umma da haɓa.

"Babu ranar," Umma ta ce. "Shago ya ƙare. Zo ki gani da idonki, tunda ke ma injiniya ce, kada a ce na cika tsanani."

A wuyanta ta rataye tsohon ma'aunin Baba, wanda yake gwada ƙarfin maganaɗisu da shi: ɗan akwati mai gilashin lamba, da wani siririn tsinke a ƙarshen igiya. Uwata da ko rimot ba ta yarda ta taɓa, sai ga ta ta kunna abin nan ta riƙe tsinken kamar wadda ta yi shekara goma a sana'ar. Ta ce ranar sallama likita ya ja mata kunne cewa maganaɗisu mai ƙarfi na iya rikita batirin, kuma ya faɗa mata iyaka. Kada ya wuce rabi.

Ta ɗaga tsinken a saitin ƙirjin Baba. Gilashin ya nuna sifili da ɗigo huɗu.

"Kin gani? Saura ƙiris. Nan ne wuri mafi sauƙi a gidan nan, kuma duk da haka saura ƙiris. Na fitar da firiji, na fitar da rediyo, na fitar da fanka, bai sauka ba. Har maƙwabcinmu na sa ya matsar da janaretonsa, yanzu matarsa da ƙyar take amsa mini gaisuwa. Shago kuwa, a bakin ƙofa kawai biyu na gani. A teburin Babanku uku da wani abu. Kashe shi kike so in yi?"

"Umma, rabin me likitan ya ce?"

"Rabi dai. Rabi yana da iri ne?"

Katin asibitin yana manne a bango, kowa na wucewa ta gabansa. Na matsa na karanta. Rabi ne, ba ta yi ƙarya ba, amma rabin militesla. Na juyo na dubi ma'aunin da ke wuyanta. Tsohon yayi ne, da gaus kaɗai yake magana, bai san wata tesla ba.

Allah ya sani na yi ƙoƙarin riƙe dariyata, amma ta ci ƙarfina, sai da na zauna a ƙasa. Umma ta tsaya a kaina tana jira in gama, irin tsayuwar da ke nuna cewa girma bai hana a ja kunnen mutum ba.

"In kin gama haukar sai ki yi mini bayani."

Na share hawaye na ce mata abu ɗaya ake aunawa, amma ma'auni biyu ne. Likitoci da littattafan yanzu da tesla suke lissafi, su Baba kuwa da gaus suka koyi aiki. Tesla ɗaya gaus dubu goma ce. Militesla ɗaya gaus goma. Rabin militesla ke nan gaus biyar.

"Kamar tela ne ya ce ki kawo rabin yadi, ke kuma ki yanko masa rabin inci. Iyakar Baba a wannan ma'aunin biyar ce, Umma. Biyar cif."

"To wannan ɗigo huɗun da ya ƙi barin gidana fa? Daga ina yake?"

"Zo mu fita."

Na ja ta tsakar gida, ɗigo huɗu. Muka fita titi, muka tsaya inda ba gini ba mota, ɗigo huɗu. Na ce mata wannan na duniya ne. Ƙasar da muke takawa ita kanta maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas take juyawa arewa. Ko jeji ta kai Baba, abin da za ta gani ke nan, ko sama da shi kaɗan ko ƙasa da shi kaɗan.

Umma ta dubi ma'aunin, ta dubi ƙasa, ta dubi gidan maƙwabci.

"Wato duk watannin nan da duniya nake faɗa?"

"Da ita, Umma."

"Kuma na je na tsaya a ƙofar bawan Allahn nan na ce janaretonsa zai mayar da ni gwauruwa." Ta rufe baki da gefen mayafi. "Yau na ga ta kaina."

Amma uwata ba a sayar mata da abu a cikin buhu. Washegari ta sa na raka ta asibiti, ta ce ita ba ta ɗora ran mijinta a kan lissafin yarinyar da ita ta koya wa ƙirga yatsu. Likitan ya saurare ta har ƙarshe, ya danne murmushinsa da kyau, na yaba masa. Ya ce haka ne, gaus biyar. Baba zai iya aiki in dai ƙirjinsa bai shiga inda ya wuce haka ba. Banda walda, banda rungumar manyan lasifikoki, banda zuwa kusa da injin da suke cusa wa ƙarfe maganaɗisu da shi.

"To, likita, me ya hana ka ce biyar tun farko?"

"Mama, ai ban san da gaus za ki auna ba. Ban ma san kina da ma'auni ba."

"Gidan Mai Maganaɗisu ne fa," in ji Umma, kamar shi ne ya yi abin kunya.

A hanyar dawowa tana ta murna tana lissafa abin da za a mayar ɗaki, ni kuwa wani abu yana cina. Jiya, lokacin da nake birgima a ƙasa ina dariya, Baba bai yi dariya ba. Bai kuma yi mamaki ba. Kallon taga kawai yake yi.

Kuma wane ne Baba? Mutumin da masu kamfani ke kawo wa takardar inji daga ƙasashe daban-daban, wannan an rubuta ƙarfin maganaɗisu da osted, wancan da amfiya a kan mita, wani da tesla, ya juya su duka a ka kafin Kawu ya gama neman biro. Shi ya koya mini cewa in aka ba ni osted in ninka shi kusan tamanin in sami amfiya a kan mita, tun ina firamare, ina zaune a kan teburinsa ina wasa da ƙusoshi. A ce wannan mutumin ya zauna wata da watanni da katin nan a gaban idonsa, da ma'auninsa a wuyan matarsa, bai ga inda gizo ke saƙa ba? Ko a mafarki ban yarda ba.

Na bari sai da Umma ta tafi ba matar maƙwabci haƙuri. Na haɗa masa shayi na kai masa, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Baba, rabin militesla gaus nawa ne?"

"Biyar," ya ce, ko numfashi bai ja ba. Sai kuma ya gane abin da ya yi, ya dube ni ta saman kofi. "Ke dai ba ki da kirki."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun a gadon asibiti."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce masa Umma ta rame a tsaye, ta kwana tana auna bango, ta yi faɗa da mutane, Kawu yana can shi kaɗai aiki ya yi masa yawa, shi kuwa yana zaune yana kallo da amsar a bakinsa. Ya bar ni na zazzage duka. Da na yi shiru sai ya ajiye kofin.

"Auta, lissafi ba ya ba ni tsoro. Wurin ne yake ba ni tsoro. Ranar nan ina tsaye a teburina, sukudireba a hannuna, ina yi wa Kawunki magana. Ban ji ciwo ba, ban ji jiri ba. Kawai sai na ga ƙasa ta taso ta same ni. Yanzu ko ƙofar shagon na tuna sai in ji abin nan a ƙirjina kamar ana taɓa shi." Ya shafa wurin da yatsu biyu. "Da uwarku ta dawo ta ce rabi, na buɗe baki zan gyara mata, sai na ji ai na sami inuwa. Gara a ce matarsa ce ta hana shi, da a ce Mai Maganaɗisu yana tsoron maganaɗisu."

Fushin nawa ya bi iska. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, don ban taɓa jin Baba ya ce yana tsoron wani abu ba, ko da wasa.

"Kada ki gaya mata," ya ce.

"Ba zan gaya mata ba. Amma inuwar ta tafi, Baba. Ka san Umma."

Ai kuwa ya san ta. Matar da jiya ta hana shi leƙa baranda, yau ita ce ke cewa ya tashi ya ba ta wuri ta yi shara, namiji ba ya zama a falo kamar tukunyar fure. Shi kuma ya shiga kawo dalilai. Yau ƙafarsa ce, gobe rana ta yi zafi, jibi takalminsa ya matse shi. Hutuna yana ta ƙarewa. Na san in na tafi na bar shi a kujerar nan, to ya zauna ke nan, shagon kuma Kawu ba zai iya riƙe shi shi kaɗai ba.

Sai na karɓi ma'aunin na tafi wajen Kawu. Na ce masa aiki za mu yi.

Shagon ɗaki ne mai tsawo, ƙofa a gaba, taga ɗaya a gefe. Can ƙurya injin cusa maganaɗisu yake, wanda Baba ya haɗa da hannunsa, kusa da shi kuma tulin manyan lasifikoki na masu kiɗan biki da na makarantu. Muka kwashe duk wani abu mai ƙarfi muka mayar ƙuryar. Na riƙe tsinken a daidai tsayin ƙirjin Baba ina tafiya a hankali, duk inda lamba ta doshi biyar sai Kawu ya ɗiga alli a ƙasa. Muka kunna injin muka sake aunawa, layin ya matso gaba, muka bi shi. Sannan na ƙara taku guda na tsaro, don ban yarda da Baba ba in hira ta yi daɗi. Kawu ya kawo ragowar fenti ruwan ɗorawa ya ja layin daga bango zuwa bango. Bai miƙe ba, ya yi ciki ya yi waje kamar hanyar tururuwa, amma haka maganaɗisun ya ce. Teburin Baba da injin naɗin koyil muka jawo su gaban taga. Na auna wurin: ɗaya da 'yan kai.

"Fiye da rabin shagon nasa ne," in ji Kawu yana goge hannu. "Ni aka tura ƙurya. Dama can haka yake so."

A gida na ce wa Baba ba aiki nake so ya yi ba. Awona kawai zai duba, don ban tabbata na riƙe tsinken daidai ba. Wannan ƙaryar ta fi ƙarfinsa. Bai taɓa yarda wani ya auna abu daidai a bayan idonsa ba. Da hantsi ya sa hula, muka fito mu uku, Umma tana gaba tana gaisawa da mutane kamar ita ta warkar da shi.

A bakin ƙofar shagon ya tsaya cak.

Na ga yadda ya dafa ƙyauren. Idonsa ba a kan layin yake ba, yana kan wurin da teburin yake a da. Umma ta buɗe baki za ta yi magana, na taɓa hannunta, ta yi shiru. Ban sani ba ko ta gane, ban kuma tambaye ta ba har yau.

"Daga nan ma ina gani," Baba ya ce. "Layin ya yi. Mu koma."

Kawu yana can ƙurya, bai ko ɗago ba. Wata babbar lasifika ce a gabansa, ya gama sa mata sabon koyil, ya jona ta zai gwada. Ya murɗa sauti. Maimakon kiɗa sai wani ƙara ya fito, ƙarrr, ƙarrr, kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti.

Baba ya riga ya juya baya. Ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Gwaji nake yi, Yaya."

"Gwajin me? Koyil ɗin yana gugar ƙarfe, ba ka ji? Ka sa fim kafin ka manna?"

Dabarar Baba ce wannan. Yakan yanka tsohon fim ɗin hoton ƙashi sirara-sirara, ya jera su a kewayen koyil don ya zauna a tsakiya daidai kafin gam ya bushe, sannan ya zare su.

"Na duba ban ga inda ka ajiye ba," in ji Kawu. "Sai na daidaita da ido."

"Da ido! Idon naka da ba ya gane gishiri da sukari?"

Ban ga lokacin da ya saki ƙyauren ba. Na dai gan shi a tsakiyar shago yana tafiya yana faɗa, hannu yana yawo a iska. Fim yana cikin gwangwanin madara a saman kanta, inda yake tun kafin Kawu ya yi hankali. Wa ya ce a yi amfani da wannan gam ɗin? Wa ya bar kwalbar a buɗe? Shekara nawa zai yi yana koya wa mutum abu ɗaya? Yana isa bakin fentin ya tsaya, yatsun ƙafarsa a kan layin, ko ƙasa bai duba ba. Daga nan ya miƙa wuya yana ba da umarni, Kawu yana cewa to Yaya, to Yaya, fuskarsa ba alamar komai. Daga baya na tambayi Kawu ko da gangan ya yi. Ya ce shi iyakar iyawarsa ke nan, in daina yi masa sharri.

Ana cikin haka Baba ya yi shiru a tsakiyar magana. Ya ɗaga hannun dama ya kai ƙirjinsa, ɓangaren hagu.

Kawu ya saki abin da ke hannunsa. Umma ta damƙi damtsena har sai da na ji farcenta. Ni kuwa na ji duk lissafin da na yi ya zube daga kaina, ban san ko biyar ba ce ko hamsin.

Baba ya laluba aljihun gaban rigarsa, ya zaro tabarau, ya hura musu iska ya goge da gefen riga, ya maƙala a hanci. Sannan ya juyo ya gan mu a daskare.

"Me kuke kallo? Auta, jawo mini kujerar nan. Kai kuma ɓalle koyil ɗin ka miƙo, sabo zan naɗa, wannan ya riga ya lalace."

Na jawo masa kujerar. Ya zauna, ya gyara zama, ya ja zaren tagulla ya fara naɗi.